Lauratu Sanda, Mai Tayar da Kwamfutocin da Suka Gaji

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, da hantsi, ana tsaka da karyar masara, Allah Ya yi wa Malama Lauratu Sanda rasuwa a wani asibiti a Funtuwa, bayan jinyar da ba ta cika mako ba. Aka kawo ta gida Malumfashi, aka sallace ta bayan azahar. Na Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Babu mai ƙara wa wa'adinsa ko ƙiftawar ido. Ta bar mahaifiyarta Hajiya Hajjo, da mijinta Malam Awaisu, da 'ya'ya biyu, Bushra da Mus'ab. Ba ta kai shekara arba'in ba.

Wanda bai san ta da wannan suna ba, ya san ta da Laure Mai Kwamfuta, mai ɗan shagon nan da ke jikin gidansu, inda ake ɗauko kwamfutocin da suka yi nauyi daga Danja da Musawa, har ma daga Funtuwa, a kawo mata. Ni kuwa Najiba Rabe ce, ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Ƙarfi. Ina cikin aji mijinta ya kira ni ya faɗa mini. Da na juyo, sai na tarar ɗalibaina sun riga sun gane daga fuskata, domin babu wadda ba ta san Anti Laure tana kwance ba.

Laure, na zauna in rubuta miki makoki, amma duk abin da na tuno game da ke, da hayaniya da dariya yake zuwa. Na yi ƙoƙarin nutsuwa abin ya faskara. To bari in rubuta ki yadda kike, masu karatu su yi mini uzuri.

Shekarar da na san ki, ina haɗa kundin kammala digiri a kan waƙoƙin niƙa da na daɓe. Damina da rani na yi ina bin ƙauyuka a bayan babur, ina durƙusawa gaban tsofaffin mata, ina lallashinsu su rera mini abin da suka daina rerawa tun zuwan injin niƙa. Duk muryoyin nan a cikin kwamfutata ta cinya na zuba su, ban ajiye su ko'ina ba. Sai kwamfutar ta fara nauyi. In na kunna ta, ruwan shayi zai tafasa ba ta gama buɗewa ba. In na danna abu, sai ɗan zoben nan ya yi ta juyawa har in manta abin da na zo yi. Wani mai gyara ya ce a goge komai a zuba mata sabon tsari, bai ko tambaye ni me ke ciki ba. Saura ƙiris in yarda. Wata abokiyar aikina ce ta ce in fara zuwa Malumfashi tukuna.

Na same ki da goyon Mus'ab a baya, sukudireba a hannu, kina magana da mutum biyu lokaci guda. Kika karɓi kwamfutar kika kunna, kika ce kowa ya yi shiru, sannan kika kwantar da kunnenki a kanta kamar mai sauraron ƙirjin jariri.

"Malama, kin ji wannan ƙas-ƙas ɗin?"

Na ce ina ji, na ɗauka haka kukanta yake.

"Ba nauyi ba ne kawai, rumbunta ne ke mutuwa. Me kike da shi a ciki wanda in ya ɓata za ki yi kuka?"

Rumbu kike ce wa faifan nan na cikin kwamfuta da ke riƙe da duk abin da aka ajiye. Da na faɗa miki abin da ke ciki, kika zaro ido, kika kashe ta nan take. Kika ce duk kunnawar da nake yi ƙara kashe shi nake yi. Kafin in ankara kin kwance bayanta, kin zaro faifan, kin haɗa shi da taki kwamfutar, kin ce in nuna miki muryoyin da masu su suka riga mu gidan gaskiya, da su za a fara. Muka zuba wa allo ido. Layin kwashewar ya yi tafiya ya tsaya, ya yi tafiya ya tsaya. Duk sanda ya tsaya sai ki riƙa shafa faifan da yatsa kina cewa, "Daure, 'yar tsohuwa, daure, saura kaɗan." Muka yi azahar a nan, muka yi la'asar a nan.

Da ya kai ƙarshe kika danna ɗaya daga ciki. Sai ga muryar Iya Tasalla ta Danja, wadda ta rasu kafin azumin shekarar, ta cika shagon, tana rera waƙar niƙa, har da ɗan tarin da ta yi a tsakiya. Laure, kika rangaɗa guɗa! Goyonki ya farka yana tsala ihu, mai shagon ɗinki na kusa ya leƙo da almakashi a hannu, ni kuma ina kuka ina dariya. Waƙoƙi kaɗan sun lalace, ba su buɗu ba har yau, kuma kin faɗa mini haka ba ɓoye-ɓoye. Washegari kika sake gwada faifan ya ƙi motsi gaba ɗaya. Da na makara da kwana guda, da muryoyin matan nan sun bi su kabari.

Daga baya kika sa aka kawo irin sabon rumbun nan da ba ya juyi, kika saka mata. Na danna maɓallin kunnawa, kafin in gyara zaman mayafina ta buɗe. Na ce ba tawa ba ce, kin musanya mini. Kika yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan kika tsare ni sai da na yi alkawarin daga ranar komai wuri biyu zan riƙa ajiye shi. Tun daga wannan wunin kika zama ƙawata, har yaranki suke kira na Anti Mai Waƙa.

Gadon abin kika yi. Mahaifinki, marigayi Malam Sanda Mai Rediyo, shi ne ya fara riƙa miki sukudireba, kin sha ba ni labarin yadda kike tsince masa ƙananan kusoshi in sun faɗi ƙasa. Daga baya kika je kika yi difloma a kan kwamfuta, kika haɗa karatu da hannu. Ba ki taɓa kwance na'ura kafin ki tambayi mai ita ba: yaushe ta fara nauyi, me aka zuba mata kafin nan, a ina ake ajiye ta. Sannan ki buɗe allon nan da ke nuna wace manhaja ce ke shanye ƙarfinta, ki juya shi ya fuskanci mai ita, ki ce ya duba da idonsa. Ba kya son mutum ya fita daga shagonki bai san abin da ya sami kayansa ba. Mutane da yawa ma a waya kike sallamar su. Na sha jin ki kina cewa, "Alhaji, kada ka hau mota tukuna. Yaushe rabon da ka kashe ta gaba ɗaya? To kashe ta ka sake kunnawa, ka rufe shafukan nan da ka tara, ka kira ni." In ya kira ya ce ta warware, sai ki yi ta murna kamar ke aka yi wa gyaran.

Wa zai manta da ta Alhaji Mudi, dillalin auduga na Funtuwa? Ya shigo yana fifita da hula, ya ce shi dai kwamfutarsa da safe lafiya lau take, amma da rana ta ɗaga sai ta koma kamar jakin da ya sha kaya, har ya fara zargin ko baki ne. Kika taɓa ƙasanta kika janye hannu don zafi. Kika kwance ta a gabansa, kika sa ɗan tsinke a fankar ciki, kika jawo wani dunƙulen auduga da ya toshe hanyar iska kaf. Kika ɗaga shi sama kika ce, "Alhaji, ai ita ma ta shiga sana'ar!" Kika yi masa bayanin cewa in kwamfuta ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma ya daina ɗora ta a kan buhu ko katifa. A ciki kuma kika tarar an zuba mata manhajojin tsaro har uku, kowace tana tare 'yar'uwarta tana bincike, kamar masu gadi uku a ƙofa ɗaya, kika bar guda. Alhaji Mudi ya naɗe dunƙulen nan a takarda ya tafi da shi, ya yi ta nuna wa mutane a kasuwa. Rabin 'yan Funtuwan da suka san shagonki, a bakinsa suka ji.

Amma aikin da Ƙarfi ba za ta manta da ke a kansa ba shi ne na makarantarmu. Jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta ake yin ta, yaranmu kuwa da yawansu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawar. A shekarar da ta gabaci zuwanki, mun ga yaran da suka san amsa sarai sun dawo suna kuka, lokaci ya ƙare musu suna fama da kwamfutar. Alhali muna da ɗaki guda cike da tsofaffin kwamfutocin tebur da wata ƙungiya ta ba mu, ga wutar sola an haɗa, amma in an kunna su sai a gama darasi ba su gama farkawa ba. Shugabarmu ta haƙura, ta ce a kwashe su a kai sito a mai da ɗakin aji. Jarrabawa kuma ta ƙarato. Na roƙe ta ta ba ni mako biyu, na kira ki.

Ranar Asabar kika sauka daga babur da jakarki a kafaɗa, kika leƙa ɗakin, idonki ya yi ta ƙyalli kamar wadda aka nuna wa lefe. Kika ce wa shugaba za ki yi, amma da sharaɗi: ba za ki taɓa ko ɗaya ba, 'yan ajin ƙarshe ne za su yi da hannunsu. Yaran suka ja da baya, suna tsoron wuta za ta ja su. Kika nuna musu yadda ake zare waya daga bango, a taɓa ƙarfe kafin a sa hannu ciki. Fiddausi, 'yar wani makiyayi da ke zaune bayan gari, ita ta fara matsowa. Ta kwance murfin ta farko, ta yi tsalle baya da salati: gidan zanzaro ne ɗare-ɗare a jikin fanka! A ta biyu aka sami ƙwan tsaka. Daga nan tsoro ya gudu, kowa na rige-rigen ganin me ke cikin tata. Aka fito da su ƙarƙashin darbejiya, ana hurawa ana sharewa da buroshi, hijabai duk sun yi butu-butu.

Da aka mayar aka kunna, kika nuna musu tarkacen manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta tun ba a kira su ba, kika ce kowace yarinya ta karanta sunan manhaja da ƙarfi, ta faɗi amfaninta, in babu a hana ta tashi. Kika gano cutar da filashi ke yawo da ita daga wannan zuwa waccan, kika sa aka wanke su, kika kafa dokar ba a soka filashin waje sai an bincike shi. Waɗansu kaɗan sun mutu murus, ba su da magani. Su ma ba ki bar su sun tafi a banza ba. Kika sa aka zaro musu 'yan sandunan nan da ake kira ram, aka ƙara wa masu rai. Da Fiddausi ta tambaye ki bambancin ram da rumbu, kika ce mata, "Rumbu na ajiya ne, ram kuwa tabarmar shanya ce. In tabarma ta yi ƙanƙanta, ko rumbu cike yake da hatsi sai dai ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan." Babu 'yar manomin da ba ta gane ba. Ni kaina ranar na gane.

A Asabar ta biyu kika shirya tsere. Aka jera kwamfutocin da suka tashi, kowace da yarinyarta a gaba, yatsa a kan maɓalli. Sun ma raɗa musu sunaye, akwai Barewa, akwai Guguwa, akwai wata da suka kira Hajiya Babba don ta fi kowa jinkiri a da. Kika hau kan benci kika ɗaga ɗankwali, kika sake shi. Wayyo Laure, ihun da aka yi a ɗakin nan! Allo ya riƙa haske ɗaya bayan ɗaya, yara na tsalle suna kiran sunan tasu, shugabarmu da ba a cika ganin haƙoranta ba tana tafi tana cewa, "Hajiya Babba, kada ki ba ni kunya!" Kuma Hajiya Babbar ce ta zo ta biyu. Masu aiki a gonar bayan makaranta suka ajiye fartanya suka zo katanga suna tambaya ko biki ake yi.

Daga ranar ɗakin bai ƙara zama a rufe ba. Yara suka yi ta gwajin jarrabawa har hannunsu ya saba. Ba duka suka ci ba, ba zan yi miki ƙari ba, amma babu wadda ta dawo ta ce kwamfuta ce ta kayar da ita. Fiddausi ta samu gurbin karatun likitan dabbobi. Ranar da sakamakonta ya fito, mahaifinta ya aiko miki da ƙwaryar nono da man shanu har Malumfashi, kika kira ni kina ihu a waya har na kasa gane abin da kike faɗa. Tun daga shekarar, kowane zangon karatu sai kin zo kin duba kwamfutocin, kuma kowane sabon ajin ƙarshe na koyon kwancewa da sharewa daga waɗanda suka gabace su.

Mijinki ya cancanci a ambace shi a nan. Malam Awaisu malamin gona ne, mutum mai sanyin hali, kuma bai taɓa tare miki hanya ba. Shi yake kai ki tasha, shi yake riƙe yara in aiki ya kai ki Musawa. Ya taɓa ce mini shi a gidansa ko agogon bango ya yi jinkiri ba ya kwana ba a kwance shi ba.

Ranar Lahadi na zo duba ki a asibiti. Kin rame, muryarki ta yi ƙasa, amma kina nan yadda kike. Kika ce mini kin lura kwamfutar da ma'aikaciyar jinya take rubutu da ita tana wahalar da ita, da kin samu sauƙi za ki duba mata. Sannan kika ce akwai ta wata ungozoma 'yar Musawa a kan teburinki, kin kwance ba ki mayar ba, kuma matar na buƙatarta don aikinta. Na ce ki bar zancen aiki ki ji da jikinki. Kika ce to, kika riƙe hannuna, kika ce in yafe miki. Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri, ni ma ki yafe mini. Ban san sallama muke yi ba.

Bayan sadakar uku Malam Awaisu ya buɗe shagon. Ga kwamfutar ungozomar nan a buɗe, kusoshinta a jere cikin murfin kwalba yadda kika bar su. Biyu daga cikin tsofaffin ɗalibanmu, waɗanda suka zo gaisuwa daga Ƙarfi, suka nemi izininsa, suka zauna a kujerarki, suka ƙarasa ta. Ta tashi lafiya, kuma an kai wa mai ita. Malam Awaisu ya ce in sanar a nan cewa duk wanda yake da na'ura a shagon ya zo, ba abin da zai salwanta, waɗanda ba a gama ba kuma yaran za su gama su.

A wurin zaman makoki na zauna kusa da mahaifiyarki. Ta daɗe tana kallon matan da ke shigowa, malaman makaranta, 'yan kasuwa, ma'aikatan asibiti, 'yan mata cikin kayan makaranta, mafi yawansu ba ta taɓa ganin su ba. Can ta juyo ta ce mini, "'Yar nan, tun tana ƙarama nake mata faɗa ta bar kwance-kwancen kayan ubanta ta zo ta koyi tuƙin tuwo. Yau ga shi tabarmin gidan nan sun kasa ɗaukar mutanenta, sai da aka aro na maƙwabta." Ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Na yafe mata duniya da lahira. Ashe ita ta san abin da take yi."

Ya Allah, ga baiwarKa Lauratu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ta sauƙaƙa wa bayinKa al'amuransu, Ka sauƙaƙa mata hisabi. Ilimin da ta bari a hannun yaran Ƙarfi, Ka sa ya zame mata sadaka mai gudana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hajjo, Allah Ya ba ki haƙurin wannan babban rashi, Ya sa ta zame miki mai ceto. Ga Malam Awaisu, Allah Ya saka maka da alheri bisa riƙon da ka yi mata, Ya sanyaya zuciyarka. Bushra da Mus'ab, Allah Ya raya ku, Ya yi muku albarka, in kun girma ku tambayi duk wanda kuka gani a Malumfashi wace ce uwarku, za ku ji abin da zai faranta muku rai. Ga dangin Malam Sanda Mai Rediyo, da ɗalibai da malaman makarantarmu, da duk wanda ya taɓa shiga shagon nan da damuwa ya fito yana dariya, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Allah Ya jiƙan ki, ƙawata. Ya sa inda kika je ya fi inda kika bari, mu kuma ranar da tamu ta zo, Ya sa mu cika da kalmar shahada, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.